Goyon da Na Samo a Tibati

Kwanakin baya wani saurayi cikinku, ku masu koyon sana'ar nan, ya zauna a bencin shagona, yana shan shayina, ya ce wai aikin da na tsufa ina yi yanzu wayarsa za ta rubuta masa kafin shayin ya huce. Ban musa ba, na ce ya sa ta rubuta mu gani. Ta kuwa rubuta, rubutu tsaf, babu ko tabo. Muka ɗora a kwamfutar shago, manhajar gyaran hoto ta rufe kanta nan take, ta tafi da hoton da na yi rabin gyarawa. Ya ce, "Baba Hassan, ai ordinatar ɗinka ce tsohuwa." Na ce to madalla, duk kwamfutocin da za ka yi wa aiki a Garwa tsofaffi ne, gara ka fara sabawa tun yau.

Ga wanda bai san sana'ar ba, bari in faɗa a taƙaice. Akwai wata babbar manhaja ta zane da gyaran hoto, wadda masu ɗab'i da masu ɗaukar hoto da masu allon talla ke aiki da ita daga nan har Kusiri. Wasu mutane ne can wata uwa duniya suka rubuta ta, ban taɓa ganin ko ɗayansu ba. Sun bar mata ƙofa a gefe, yadda wani zai rubuta ƙaramin shiri ya liƙa mata, ta koyi aikin da ba a haife ta da shi ba. 'Yan boko suna ce wa ƙaramin shirin fulogin. Maigidana da ya koya mini yana ce masa goyo, babbar kuma ya ce mata uwa, ni ma haka na tashi ina faɗa. Goyo ba shi da ƙafar kansa. Inda uwa ta nufa nan ya nufa, in ta sake ɗauri bai shirya ba, ƙasa zai sha. Aikina ke nan tun ina da baƙin gashi.

Maigidan nawa shi ne Mesiye Yaya, Bafulatanin Marwa, dogo, mai shagon ɗab'i a bayan babbar kasuwa. Na je masa da ɗan abin da na koya a makaranta, ina ji da kaina, sai ya hana ni rubuta ko layi ɗaya. Damina ta wuce, rani ya shigo, ni dai katin suna da katin biki nake yi da hannu, da hotunan katin shaida. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Hassan, ka san halin uwa tukuna. Ranar da hannunka ya gaji da maimaita abu ɗaya, ranar ka san abin da za ka rubuta."

Hotunan katin shaida ne suka fara gajiyar da ni. A yanke kai daidai, a faranta baya, a jera a takarda ɗaya, mutum bayan mutum tun safe. Shi ne goyona na farko, kuma da Scheme na rubuta shi, domin a lokacin shi kaɗai uwa ke ji. Harshe ne da ba shi da komai sai baka, ka buɗe ka rufe, baka cikin baka cikin baka. In ɗaya ta ɓace ba zai gaya maka inda take ba, shiru kawai zai yi maka. Da tsinken tsintsiya nake bin su a jikin gilashi. Da ya tashi aiki na yi ta yawo a shago kamar na haifi ɗa namiji, har sai da wata baiwar Allah ta zo da farin mayafi. Goyon ya ɗauka mayafin ma bango ne, ya shafe shi, fuskarta ta fito ita kaɗai tana shawagi a takarda. Mesiye Yaya ya yi dariya har ya zauna a kan kwalin takardu. Da ya huce ya tambaye ni ko akwai hanyar komawa. Babu, goyon ya rubuta a kan hoton asali. Sai da aka bi matar har bakin titi aka roƙe ta ta dawo a sake ɗauka. Tun daga ranar, kafin in rubuta abin da goyo zai yi, sai na fara rubuta yadda za a warware abin da ya yi.

Da uwa ta girma sai ta ƙara buɗe ƙofofi, ta fara jin Lua, ta ji Python, wanda kuma ya iya C yana iya shiga har ƙuryar ɗakinta. Kuna yawan tambayata wanne ya fi. Ban taɓa gane tambayar nan ba daga bakin mutumin Garwa, wanda zai taya nama da Fulatanci, ya cike takarda da Faransanci, ya dawo gida ya yi faɗa da Hausa, duk kafin azahar. Ba kai ke zaɓen harshe ba, kwamfutar mai aikin ce ke zaɓa.

Wani mai rubuta jikin manyan motoci a Figil ya taɓa kirana. Kwamfutarsa ta sha farar ƙurar duwatsun garin har fankarta tana tari, in ka ɗora mata Python sai ta yi kamar za ta suma. Lua ce ta ɗauka, domin ba ta da nauyi. Shi abin da yake so, yana zana haruffa ya yanke su a kwali ya fesa fenti ta cikin hudar, to amma cikin harafi yakan faɗo in an yanke, ɗigon haruffan Larabci kuwa ba a magana. Yana son goyon da zai sa wa kowane harafi 'yar gada ta riƙe cikinsa. Na rubuta, na sa gadojin a gefe da gefe domin sun fi kyau a ido. Ya duba ya girgiza kai. Ya ja ni bakin wata tirela ya fesa, na ga fenti yana gangarowa yana taruwa a kan gadar yana ɗiga. Gadar da ke tsaye daga sama zuwa ƙasa kuwa, fenti bin gefenta yake ya wuce. Wannan ba ya cikin kowane littafi, kuma da bakinsa ba zai taɓa faɗa ba, domin bai san ya sani ba. Mai aiki ba ya gaya maka abin da yake so. Cewa zai yi, "Ka sa ta yi kamar yadda nake yi." Sai ka ja kujera ka zauna kana kallon hannunsa.

Aikin da ya fi cin raina, kuma wanda na fi so, shi ne na Hajiya Dija. Tana da shagon ɗinki a unguwar Hausare, da teloli da mata masu ƙarasa aiki da masu guga, gida guda na mutane suna ci a ƙarƙashinta. Wani ɗan kasuwar Kusiri ya shigo da wasu injinan surfani na hannu, irin waɗanda kwamfuta ke ba umarni ta igiya, ta sayi ɗaya. Injin ya zo babu manhajarsa, littafinsa kuma da rubutun da ba wanda ke karantawa a garin nan. A cikinsa akwai zanen da ya zo da su, furanni da wani jirgin ruwa. Hajiya ta ce mini, "Malam Hassan, wa zai sa jirgin ruwa a wuya ya je Idi? Ni aska nake so, da tambari."

Na gano injin yana iya turo zanen cikinsa ta igiyar. Na tara abin da ya turo, lambobi ne zalla, jere-jere. Na sa takarda mai layin murabba'i a gurbin yadi, na zare zaren, na bar allura tana huda takardar ina kwatanta hudar da lambobin. Wannan lambar dama ce, waccan sama, wannan ita ce ɗaga allura. Tun farkon damina nake abu ɗaya, sai da aka fara yankan dawa injin ya ɗinka aska ta farko daga zanen da aka yi a cikin uwa. Fuskar goyon, wato maɓallan da mai aiki ke dannawa, da Scheme na yi. Zuciyarsa, mai magana da injin, da C, domin allura ba ta jiran mai nawa. Abu ɗaya ya rage, injin yana da halin sakin zare a ƙarshen layi. Na yi ta gwaji har na samo ɗauri na ƙananan ɗinki uku da suka baje daga wuri ɗaya, a bayan yadi. Hajiya ta juya yadin ta duba ta ce, "Sawun zabo." Sunan ya zauna.

Ku lura da abu ɗaya game da C, domin zai yi amfani a gaba. Rubutun Python ko Lua, duk wanda ya samu zai buɗe ya karanta. C kuwa dafa shi ake yi kafin inji ya ci, kuma ba a mayar da tuwo gari. Wanda ya kwafi dafaffen zai yi aiki da shi, amma ba zai ga yadda aka haɗa ba. Masu tuƙa injin Hajiya suna zuwa suna tafiya, kowa in zai tafi sai ya kwafa a kile ɗinsa, wannan 'yar ma'ajiyar da ake sa wa a aljihu. Wani Usumanu ya daɗe da ita, daga baya ya yi kudu. Nakan yi mita, Hajiya ta ce, "Kai ma dai. Ilimi ne, ba gishirin miya ba, ba ya ƙarewa don an ɗiba."

Sai muguwar shekara ta zo. Mesiye Yaya bai gan ta ba, Allah ya yi masa rasuwa kafin nan. Masu uwa suka fitar da sabuwa, suka toshe tsohuwar ƙofa, suka ce Scheme ya yi ritaya, tsofaffin dafaffun goyo kuma ba sa shiga. Ban ce sun yi laifi ba, gidansu ne. Amma a nan, duk wanda ɗan'uwansa ya zo hutu daga Yawunde sai ya yi masa alheri ya danna mizajur, wato sabuntawa, washegari a wayi gari rabin maɓallan shago sun ɓace. Ba wanda ya san masu uwa, ni aka sani. Har a wurin jana'iza an taɓa jan hannuna gefe ana tambayar ina maɓallin hoton katin shaida ya tafi. Wasu suka haƙura suka koma yin komai a waya, ba su sake dawowa ba. Na duƙufa ina juya tsofaffin goyona zuwa Python ɗaya bayan ɗaya. Na Hajiya na bar shi ƙarshe, domin na gargaɗe ta kada kowa ya taɓa kwamfutarta, kuma ita mace ce mai jin magana in ta shafi injinta.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo, zafin Garwa irin wanda ko ƙadangare ke neman inuwa. Wata rana da la'asar hadarin farko ya taso da iska, wuta ta ɗauke, da ta dawo sai ta dawo da hauka. Ta ƙone kwamfutar Hajiya, ta ƙone tawa, da firji da talabijin na mutane da yawa a ɓangarenmu. Injin ya tsira domin an zare shi. Na ɗauko faifan ajiyata inda asalin rubutun C yake, na haɗa, sai na ji yana ƙas-ƙas-ƙas. Zafi ya riga ya gama da shi a cikin akwati ban sani ba. Hajiya ta sayi sabuwar kwamfuta, ta ƙi karɓar tsohuwar uwa. Na lallashe ta ta yi shigar tsohuwar kwamfuta, uwar ta buɗe amma ba ta ganin igiyar injin. Na zaga kasuwa neman tsohuwar kwamfuta mai irin wannan mahaɗa, wadda na samu ba ta tashi, wadda ta tashi mahaɗarta ta mutu.

Injin lafiyarsa ƙalau, amma ya zama kurma. Shaddodin sallah kuwa sun cika shagon har saman tebur, na gida-gida, uba da 'ya'yansa da jikoki, an yanka an haɗa, wuya kawai ake jira. Na je na tarar da ma'aikatan suna zaune jugum, Hajiya tana ninke abin da yake a ninke. Ta ce, "Malam Hassan, ni ba asarar ce ke hana ni sukuni ba. Mutanen nan tun iyayensu suke kawo mini yadi. In na mayar musu da shi babu wuya, unguwar Yalwa za su tafi wurin masu sababbin injina, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa. Waɗannan da ke zaune kuma in ce musu me?" Na ce zan sake daga farko. Ita da ni duk mun san aikin da ya ci damina guda ba zai shiga cikin ragowar azumi ba. Lambobin kuma sun zube daga kaina, sai ɗaiɗai.

Kifi na je saya na buɗa-baki, wurin wani Alhaji mai kawo busasshen kifin Mbakawu. Yana sanye da sabuwar riga, shaddar ko wanki ba ta sha ba. Ina tayi idona yana kan wuyan rigar. Yadda zaren ya kwanta a bakin askar ya yi mini kama da wani abu da na sani.

Na ce, "Alhaji, don Allah in ga cikin rigar nan."

Ya ce, "Kifi ka zo saye ko riga?"

Na ce duka biyun. Ya yi dariya ya juya mini bakin wuyan. Ga sawun zabo nan a ƙarshen kowane layi, sabo fil. Na tambaye shi ina aka yi, kuma yaushe. Ya ce Tibati, wurin wani tela Bakari, a farkon azumin nan. Na ajiye kifin na manta da shi a kan teburinsa. Lissafina mai sauƙi ne, in goyona yana aiki a Tibati, to akwai tsohuwar kwamfuta mai rai a can. Zan roƙa a ba ni aronta, ko in zauna kusa da ita in kwashe lambobin. Hajiya ta ce in tafi ko da a ƙafa ne.

Na hau motar ajans, wato ta kamfanin sufuri, zuwa Gaundare, daga can na sake wata. Wanda ya san hanyar Tibati ya san ba a ba da labarinta da azumi a baki. Na isa da jar ƙasa har cikin kunne, iska mai sanyi tana kaɗawa, abin da mutumin Garwa ya manta akwai shi a duniya. Shagon Bakari ba ya ɓuya, ƙarar injin ce ta kai ni. Tagwayen na Hajiya ne, har da tabon fenti a wuri ɗaya. Na gaisa, na leƙa bayan injin ina neman tsohuwar kwamfuta. Sabuwa na gani, da sabuwar uwa a buɗe, da maɓallan da ban taɓa gani ba.

Na tambayi Bakari wa ya yi masa wannan. Ya ce Usumanu ne ya kawo na farko a tsohuwar kwamfutarsa, ya bar masa ita da zai wuce Duwala. Da ta fara ciwon ajali, gilashinta ya tsage, tana mutuwa tana farfaɗowa, sai ƙanwar matarsa ta sa hannu. "Madam Asta, malamar lissafi ce a lise, makarantar sakandaren garin nan. Bari a tashi makaranta, nan take biyowa."

Ta zo bayan azahar, mace matsakaiciya, da alli a hannun rigarta da jakar takardun jarrabawa. Muka gaisa da Fulatanci, da ta ji harshena sai ta juya Hausa. Ban ce mata ko ni wane ne ba, na ce dai daga Garwa nake, muna da irin injin nan ya tsaya. Ta ajiye jakar ta ja kujera, ba ta ko tambayi sunana ba.

Ta ce, "Baba, na farkon ba ya karantuwa, dafaffe ne. Sai na ce to bari in saurari abin da shi da injin suke faɗa wa juna. Na zana ɗigo ɗaya tak na aika, na kama abin da ya bi ta igiya na rubuta. Na matsar da ɗigon dama kaɗan na sake aikawa, na ga wace lamba ta canza. Sannan sama. Sannan ɗigo biyu. Duk hutun makaranta a nan na yi shi, ina addu'a kada tsohuwar ta cika kafin in gama."

Na ce, "Me ya kai ki wannan wahala, Malama?"

Ta ce, "Yayata da 'ya'yanta daga injin nan suke ci. Kuma gaskiya, ko ba don haka ba, ina so in sani."

Ta gangara da rubutun zuwa tsakiya ta nuna mini, Python ne tsantsa, babu C ko kaɗan, kuma allura ba ta jira, domin kwamfutocin yanzu sun yi ƙarfin da ba sai an dafa ba. Na ji daɗi, na kuma ji ɗan kishi, ba zan ɓoye ba. Sai ta tsaya a wani wuri ta ce akwai abin da ya gagare ta. "Duk ƙarshen layi yana yin ƙananan ɗinki uku a baje. A lissafi ba su da amfani. Na so in cire, sai na ce abin da ban gane ba ba zan taɓa ba. Na so in tambayi mai shi. Usumanu ya ce mutumin shagon ɗab'i ne a bayan kasuwar Garwa, na aiki wani direba ya tambaya, aka ce masa mai shagon ya rasu."

Na ce, "Allah ya jiƙansa, maigidana ne. Amma ba shi ya rubuta ba."

Ta ce, "To wa?"

Na ce, "Ga shi nan ya cika wa Bakari kujera da jar ƙasa."

Ta dube ni, ta ja mayafi ta rufe baki. Bakari kuwa dariya ta kama shi har ya tsayar da injin. Ta ce, "Baba, ka yafe mini, na zaunar da kai ina koya maka abinka." Na ce ba abina ba ne, wannan ban taɓa ganinsa ba, ta ci gaba. Na karɓi ƙyalle, muka cire ɗinki ukun muka aika layi ɗaya, na ba ta bakin zaren na ce ta ja. Ta ja, layin ya warware gaba ɗaya a hannunta. Muka mayar muka sake, ta ja har zaren ya tsinke bai saki ba. Ta yi ta juya ƙyallen, fuskarta kamar an ba ta goron sallah.

Ita ma ba ta bar ni na tafi haka ba. A cikin lambobin da ake aika wa injin akwai wani gurbi da kullum sifili nake sawa, domin a furanni da jirgin ruwa sifili na gani. Ita ta gwada sa wani abu a wurin don ta ga me zai faru. Ashe saurin allura ne. In zare mai kauri ne sai a rage, ya daina tsinkewa. Shekara da shekaru masu tuƙin Hajiya suna fama da tsinkewar zaren azurfa muna zagin masu sayar da zare, maganin yana zaune a gurbin da ban taɓa tambaya ba. Ta kwafa mini goyon nata a kile, matar Bakari ta ƙulle mini kifi, na kama hanya da sassafe.

Ban biya gida ba, Hausare na wuce da jakata. Goman ƙarshe ta riga ta shiga. Ma'aikatan suka taso suka kewaye tebur, Hajiya ta tsaya a bakin injin ta harɗe hannu. Na ɗora goyon a sabuwar uwa, maɓallan suka fito. Firam ɗin da ke riƙe yadi a injin Hajiya ya fi na Bakari faɗi, don haka sai na buɗe rubutun in canza awon. A Tibati daga tsakiya muka fara, wannan ne karon farko da na ga samansa. A Python akwai layukan da ake sa wa alama, inji ba ya karanta su, don mutane ake rubutawa. Akwai irinsu a can sama. Na karanta, hannuna ya tsaya.

Hajiya ta ce, "Ya ƙi ne?"

Na ce a'a. Na canza awon, muka ɗaura ƙyalle, na aika ƙaramar aska. Injin ya yi ɗan gurnani, firam ya matsa, allura ta sauka. Ta bi zanen har ta gama. Hajiya ta zare ƙyallen ta juya bayansa, ta shafa da babban yatsa, ta ce wa mai tuƙin, "Ɗauko ta Alhaji Sale, tasa ce ta fara zuwa." Aka ɗaura shaddar, injin ya kama, mai guga ya tafi hura gawayi ba a ce masa ba. Sai da aka ci rabin wuyan sannan Hajiya ta zauna, ta sauke numfashi, ta ce, "Ɗazu me ka gani ka yi tsit?"

Na juyo da gilashin na karanta musu da ƙarfi, domin ƙarar injin. "Wani mutumin Garwa ne ya fara rubuta wannan, ban san sunansa ba. Ni kwafa na yi, in an ga kuskure nawa ne. Allah ya jiƙansa, ya sa allurar nan ta zame masa sadaka mai gudana. Wanda ya karanta ya ce amin."

Duk shagon suka ce amin, har da Hajiya, kafin su tuna wanda ake yi wa addu'ar yana zaune a gabansu da kifi a jaka. Ɗaya daga cikin matan ta fara dariya, sauran suka kama. Ni ban yi ba, idona ne ya cika, na bar shi ya cika.

Na kira Madam Asta in gaya mata injin ya tashi. Ta yi hamdala, sai na ce na ga saman rubutun. Ta yi salati a hankali. Ta ce mahaifinta malami ne mai kwafar littattafai da hannu, kuma bai taɓa rufe littafi bai roƙa wa mai shi gafara ba, ita ma sai ta ga bai kamata ta rufe nata haka ba. Ta ce ta riga ta ba wani tela a Gaundare da wani a Banyo kwafin goyon, amma za ta kira su duka, yau ɗin nan za a goge.

Na ce, "Kada ki goge, 'yata. Ai ba ƙarya kika rubuta ba, gaggawa kika yi."